Raddi Ga Mai Kiran Maharban Mafara Zuwa Ga Harsashin Nesa

Wata maƙala ta zo hannuna, wadda wani ɗan'uwa mai ilmin zamani ya rubuta, yana kiran maharban ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun su jingine adaka da mai-baki-biyu, su rungumi doguwar bindiga mai madubin hangen nesa, su kuma zaɓi harsashin da Amurkawa ke kira .300 Winchester Magnum, ko aƙalla .308, domin a faɗarsa da su ake kayar da nama daga tazarar mita 500 har fiye. Ba na tuhumar niyyarsa, na kuma shaida ya yi bincike. Sai dai tun da ya kafa hujja da hisabi da fiƙihu da doka, ya wajaba a bi maganarsa daki-daki, kada wani saurayi ya karanta ya ɗauka an gama magana.

Ya fara da cewa naman dawa ya yi wayo, ba ya yarda a kusance shi, saboda haka sai an nemi abin da zai cim masa daga nesa. To, wane nama? Ɓauna da gwanki da kanki, waɗanda kakanninmu suka yi wa kirari, yau a wannan yanki sun koma labarin tsofaffi. Abin da maharbi ke dawowa da shi a burgami shi ne zomo da gafiya da zabon daji da fakara, sai gada jefi-jefi, sai kuwa ɗinya da kirinjijiya a ruwan Bakolori da tafkin Natu. Shi kuwa .300 ɗin nan, da aka fito da shi a 1963, an ƙera shi ne domin manyan namun duwatsun Amurka, masu nauyin kilo 300, alhali gada ba ta wuce kilo 25, tsuntsu kuma da ƙananan ƙwayoyin dalma ake harbinsa cikin mita 40. Barewa ma, wadda ita kaɗai ce za a ce tana tsayawa a fili da nisa, ta yi ƙarancin da masana suka sanya ta cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu.

Sa'an nan ya ce babban harsashi ya fi rahama, wai ko'ina ya samu dabba ya gama da ita. Wannan da'awa hisabin da ya dogara da shi ne ke rushe ta. Harsashin .308 yana barin bakin bindiga da gudun kimanin mita 850 a sakan guda, amma tun daga fitarsa ƙasa ke jansa, ta yadda bindigar da aka daidaita saitinta a mita 200, in aka harba ta zuwa mita 500, harsashin zai sauka ƙasa da inda aka auna da fiye da mita ɗaya. Iska mai gudun kilomita 16 a sa'a, in ta bugo daga gefe, za ta karkatar da shi fiye da rabin mita. Kuma duk wanda ya yi hunturu a Mafara ya san iskar watan Janairu ba ta tsaya nan ba, ga hazo da ke ɓoye tsamiya balle gada. Kuskuren mita 25 kacal wajen kintatar tazara yana gusar da harsashi kimanin santimita 20, wanda ya kai faɗin dukan makasar gada. Ƙari a kan haka, harsashin yana shafe fiye da rabin sakan a hanya, dabba kuwa taku ɗaya ya ishe ta a wannan lokaci, sai abin da aka nufa da ƙirji ya faɗa a ciki ko a cinya. Gaskiya ne .300 yana rage waɗannan lambobi, amma bai kawar da ko ɗaya ba, kuma naushin da yake yi wa kafaɗa ya ninka na ƙaramin harsashin .243 fiye da sau biyu, wanda ke koya wa mutum runtse ido da fizgar kunama tun bai harba ba. Maganin wannan sai yawan gwaji da ɗaruruwan harsasai, kowanne an sayo shi da kuɗin ƙetare.

Tun da ɗan'uwan namu yana son misalan Turawa, ga nasu. Wani mutumin Sikotilan mai suna Bell, wanda aka yi wa laƙabi da Karamojo, ya kashe giwaye fiye da 1,000 a farkon ƙarni na 20, mafi yawansu da ƙaramin harsashi na 7x57, ta hanyar matsawa kusa da sanin inda ƙwaƙwalwa take. Ba na yabon ɓarnarsa, hujja kawai nake cirowa daga tarihinsa. Mutanen Suwidin kuma, da harsashin 6.5x55 na shekarar 1894 suka daɗe suna kayar da naman da ya fi doki tsayi.

Inda maƙalar ta fi ba ni mamaki shi ne babin fiƙihu, domin ya naƙalto daidai, ya fahimta bisa kuskure. Ya ce malamanmu na Malikiyya sun halatta abin da aka kashe da harsashi, saboda haka nisa da kusa duka ɗaya ne. Na'am, Shaihu Ahmad Dardir, a sharhinsa ga Mukhtasar na Halil, ya bambanta dalmar bindiga da dunƙulen yumɓun da ake harbawa da baka, ya bayyana cewa ana cin abin da dalma ta kashe domin ta fi makami mai kaifi ƙarfi, kuma kafinsa Shaihu Abdulƙadir Alfasi ya yi fatawa da haka. Asalin mas'alar hadisin Adiyyu ɗan Hatim ne, inda aka rarrabe tsakanin abin da ya huda da abin da ya buge. Amma halaccin makami abu ne daban, sharuɗɗan farauta kuma suna nan yadda suke. Ɗan makarantar zaure da ya kai babin farauta a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa wanda ya riski dabba da sauran ranta, ba a huda makasarta ba, ba ta ciyuwa sai da yanka. Ya san kuma abin da ya kwana bai gan shi ba akwai magana a kansa, ba a sassauta ba sai ga wanda aka samu kibiya a makasarsa. Halil ya ƙara da cewa wanda ya yi sakaci wajen bin sawu, har dabbar ta mutu alhali da ya gaggauta da ya riski yankanta, ba za a ci ba.

Yanzu a auna wannan da tazarar rabin kilomita, a ƙasa mai magudanan ruwa da fadamu da sarƙaƙiya. Maharbi ya harba dab da almuru, kamar yadda aka saba, harsashi ya samu ciki, dabba ta ruga. Kafin ya ƙetare magudana biyu ya isa wurin, duhu ya rufe jini, sai da safe angulu su nuna masa mushe. Ya yi asarar nama, ya azabtar da rai, ya kuma saɓa wa umurnin kyautata kisa da yanka da ya zo a hadisin Shaddadu ɗan Ausi cikin Sahihu Muslim. In kuwa aka ce ai daɗin abin shi ne gwada gwaninta, to Risala ɗin nan ta ce farauta domin wasa makaruhi ce.

Ya ce kuma filin ƙasarmu bayan kaka shimfiɗaɗɗe ne tamkar na Amurka. Ƙiyasi ne da ya rasa illa mai haɗawa. Jihar Wayomin, inda ake irin wannan harbi, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 250,000, mutanenta ba su cika 600,000 ba, ga duwatsu masu tare harsashi. Zamfara ba ta cika murabba'in kilomita 40,000 ba, ƙidayar 2006 kuwa ta ba ta mutum fiye da miliyan 3. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, rani, wanda shi ne lokacin farauta, ya zama lokacin da gonakin Mafara da Bakura da Maradun ke cike da masu dashen shinkafa da masu ban-ruwa da yara masu korar tsuntsaye, ga makiyaya a gefe. Harsashin .308 da ya kuskure yana iya tafiyar kilomita 4, in ya taɓa fuskar ruwa kuma ya yi tsalle ya nufi inda ba a nufa ba, alhali ƙwayoyin dalmar tsuntsu ba su wuce 'yan ɗaruruwan mitoci sun zube. Hukuncin kisan kuskure yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92, diyya da kaffara, kuma diyyar raƙuma 100 ce ko dinari 1,000. Ban ga inda maƙalar ta ambaci wannan ko da layi ɗaya ba.

Saura doka. Ya kafa hujja da cewa a watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta kira jama'a su nemi lasisin bindiga. An yi haka, amma domin kare kai daga 'yan bindiga aka yi, ba domin farauta ba, kuma sha'anin makamai tsarin mulki ya keɓe shi ga gwamnatin tarayya. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku: masu ɗurin baki irin adaka; na ƙashin kai, wato irin su mai-baki-biyu da bindigogin farauta, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu; da haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Cikin haramtattun ta lissafa masu awon 7.62 da .300 da .303, ta kuma fitar da waɗannan awo daga sahun bindigogin farauta. To .308 da .300 da ya zaɓa, dukansu ramin bututunsu milimita 7.62 ne. Ban da wannan, duk wanda ya san halin da ake ciki a dajin Sububu ya san abin da soja zai zaci mai irin wannan bindiga in ya hango shi a bayan gari, da abin da ɓarayin daji za su yi in suka ji labarinta.

Abu guda na sallama masa, cewa adakar da maƙeri ya haɗa da bututun ƙarfen da ba a gwada ba tana fashewa in an cika mata albarushi, kuma ta raba mutane da yatsunsu. Wanda ya gudu daga wannan, mai-baki-biyu mai lasisi ta ishe shi zomo da zabo da ɗinya. Wanda kuma hukuma ta ba izinin doguwar bindiga, zai yi farauta inda doka ta yarda, to .243 na 1955 ya wadatar ga gada da makamantanta, .270 na 1925 ko 7x57 ga abin da ya fi ta girma, da harsashi mai buɗewa a jikin nama, cikin tazarar da ba ta wuce mita 200 ba, da tudu ko gaɓar gulbi a bayan dabbar, da wuƙa mai kaifi a kugu, da sauran rana da za ta isa a bi sawu.