Shin Al'ada Kaɗai Ta Isa Ta Zama Ma'aunin Kyau da Muni?

Ra'ayin da ke cin kasuwa tsakanin ɗaliban ilimin zamantakewa shi ne cewa al'ada ce ke yanke abin da yake kyau da wanda yake muni, wato kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ra'ayin yana da daɗin ji, domin yana hana wata al'umma raina wata. Aibinsa shi ne yakan bar wanda al'adar gidansu ta zalunta ba shi da wurin kai ƙara.

A shekarar 1996 aka sayar da Hadijatu Mani a Jamhuriyar Nijar tana 'yar shekara 12, ta zama wahaya. Da ta nemi 'yancinta, wata kotun cikin gida ta dogara da al'ada ta ce ita matar ubangijinta ce. Sai a 2008 Kotun ECOWAS ta yanke cewa bauta aka yi da ita, kuma hukuma ta gaza kare ta. In da al'ada ce ma'auni na ƙarshe, da kotun farko ba ta yi kuskure ba, da kuma kukan Hadijatu bai wuce saɓa wa mutanen gari ba. Hankali bai yarda da wannan ba.

Magabata sun daɗe suna kai-kawo a kan tushen ma'aunin. Mu'utazilawa sun ce hankali yana iya gane kyau da muni a cikin aikin kansa. Ash'ariyawa suka ce Shari'a ce ke tabbatar da su. Aflatun ma ya yi irin wannan tambaya a ƙasar Girka. Abin da ake yawan mantawa shi ne, duk da zafin saɓaninsu, babu ɓangaren da ya miƙa hukuncin ga son zuciya ko yawan masu goyon baya.

Masanin falsafa J. L. Mackie, a 1977, ya kafa hujja da bambancin ɗabi'un al'ummomi cewa babu wani ma'auni tabbatacce. Hujjar ba ta kai inda ya nufa ba. 'Yan kasuwa sukan yi gardama a kan cikar mudu, kuma gardamar ba za ta yiwu ba sai sun yarda akwai cika akwai tauyewa. Haka Bahaushe in ya ce an ci amana ko an yi zalunci: ba ya nufin an saɓa wa yadda aka saba, yana tuhuma ne, ko da wanda ya aikata sarki ne kuma duk fada ta yi masa guɗa.