RA'AYINMU: DODON ƘWARYA DA AMANAR TARBIYYA

 

Watan Ramadan ya ƙarato, kuma duk mazaunin Lolo ya san cewa da zarar azumi ya kai goma, yara za su fantsama cikin unguwanni bayan shan ruwa, suna bi gida-gida da wasan tashe. Tun kafin lokacin ake soma shiri: wannan ya samo tsohuwar ƙwarya ya huda mata idanu, wancan ya liƙa auduga a haɓa ta zama gemu, wani ya yanka buhun shinkafa ya ɗinka riga, wani kuma ya tanadi toka da baƙin tukunya na shafawa a fuska. Al'adar ba tamu ba ce mu kaɗai. Maƙwabtanmu Zabarmawan Nijar suna da irinta mai suna Tobai-tobai, a Wagadugu kuwa akwai wasan Dodo, wanda fataken Hausawa suka kai can a ƙarni na 19.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani baƙon abu da ya soma cuɗanya da wannan tsohuwar al'ada. A azumin bara, wasu samari a wata unguwa sun ɗaure karan dawa suka naɗe shi da farin ƙyalle kamar gawa cikin likkafani, suka sassaƙa ƙwarya a siffar ƙoƙon kan mutum, suka kunna tocila a cikinta, sannan suka jingine su a wani lungu mai duhu. Wata yarinya da aka aika da kunu ta yi kiciɓis da abin, ta faɗi, kunun ya ƙona mata hannu. Da dattawa suka tuhumi samarin, sai suka ce a waya suka gani, kuma wasa ne kawai.

Abin da suka gani a waya shi ne bikin da Turawa ke kira Halowin, wanda ake yi a daren 31 ga Oktoba. Tushensa wani bikin maguzanci ne na mutanen Ailan da Sukotilan, waɗanda suka ƙudurta cewa a wannan dare ruhohin matattu suna dawowa cikin rayayyu. Daga baya ya haɗu da jajiberin idin waliyyai na Kiristoci, na ranar 1 ga Nuwamba, sannan 'yan ƙaura suka kai shi Amurka a ƙarni na 19. A can magidanci yakan ɓata makonni yana ƙera kaburburan ƙarya da ƙwarangwal da fatalwowi, ya cika ƙofar gidansa da su, ya fafe kabewa ya sa mata fitila, yara kuma su yi shigar dodanni suna bin gidaje ana ba su alewa. Bikin ya tsallaka har ƙasashen da ba su gaje shi ba: ranar 29 ga Oktoba 2022 mutum fiye da 150 suka mutu a turereniyar masu wannan biki a birnin Seoul na Koriya ta Kudu.

Ya 'yan'uwa Musulmi, ma'auninmu a kan kowace al'ada, ta gida ko ta aro, shi ne Alƙur'ani da Sunna, kamar yadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karantar a littafinsa Ihya'us Sunna. Idan muka ɗora wannan aiki a kan ma'aunin, za mu ga illoli bayyanannu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya ɗauke igiyar ɗan'uwansa yana barci, ya farka a firgice, sai Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa tsorata Musulmi bai halatta ba. Idan an hana wannan a kan igiya, ina ga gawar ƙarya a lungu? Sa'an nan mutuwa da kabari wa'azi ne gare mu, don haka aka umarce mu da ziyartar maƙabarta. Yaron da ya saba wasa da likkafani, da me za a girgiza zuciyarsa ranar da ya tsaya a bakin kabarin mahaifinsa? Ga kuma gargaɗin da ya zo a kan kamanceceniya da wasu al'ummu cikin abin da ya keɓanta da addininsu.

Adalci kuwa shi ne mu faɗi cewa tashen namu na gado ma bai kuɓuta ba. A cikinsa namiji yakan yi shigar mata, alhali Buhari ya ruwaito tsinuwa a kan haka daga Ibnu Abbas (RA). Akan yi izgili ga malami da tsoho da wasu ƙabilu, alhali aya ta 11 cikin Suratul Hujurat ta hana. Akan koya wa yaro roƙo, a kuma raba shi da sallar asham. A Kano, tsakanin 2022 da 2025, 'yan sanda sun dakatar da tashe fiye da sau ɗaya saboda ɓata-gari sun mayar da shi rigar ƙwace da sara-suka.

Sai dai muna jan hankalin 'yan'uwan da suke ganin bulala ce kaɗai magani. Musulunci bai hana yaro wasa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu (RA) cewa sukan yi wa yaransu abin wasa na ulu ranar Ashura, idan yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya ɗauke masa hankali har lokacin buɗa-baki. Uwar Muminai A'isha (RA) tana da dokin wasa mai fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya gan shi ya yi dariya. Hannun da ya iya sassaƙa ƙwarya da haɗa waya da batir baiwa ce daga Allah, kuma garin da ke rayuwa da noman shinkafa da kogin Kwara yana buƙatar masassaƙa da maƙera da masu gyaran injin ban-ruwa. Idan muka fasa ƙwaryar muka bar hannun ba aiki, waya za ta ba shi aikin yi.

Saboda haka muna kira da a yi abubuwa uku kafin a ga wata. Na farko, limamai su yi huɗuba a kan haramcin firgita mutane, cikin Hausa da Dendanci, domin saƙon ya isa har tsallaken iyaka inda danginmu suke. Na biyu, makarantun Islamiyya su shirya wa yara gasar aikin hannu da rana: motar kara, kwalekwalen gwangwani, fitila, rehal na ɗora Alƙur'ani, a gayyato masu sana'a su yi alƙalanci. Kyautar da aka saba bayarwa a ƙofar gida a tara ta nan, yaro ya karɓa a matsayin ladan gumi. Na uku, kowane uba ya san abin da ɗansa ke kallo a waya, da inda yake bayan isha'i.

'Ya'ya amana ne, kuma kowane makiyayi za a tambaye shi abin kiwonsa. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kai mu Ramadan lafiya, Ya karɓi ibadunmu. Amin.