A Koya wa Yara Kara Ranar Komowa Daga Hutu

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, malaman gobe, ina so mu dubi wata 'yar magana wadda ba ta cikin manhaja, ba a kuwa yin jarrabawa a kanta, amma ko wane malami sai ya gamu da ita cikin watan Satumba. Maganar ita ce ta ranar da yara su ke komowa daga dogon hutu.

Kowa ya san al'adarmu. Da an share aji an kira suna, sai malam ya ɗauki alli ya rubuta a allo, "Yadda Na Yi Hutuna," ya ce kowa ya yi insha'i, sa'an nan a riƙa tashi ɗaya ɗaya ana karantawa. Malam ya gaji wannan daga malaminsa, bai kuwa nufi kowa da sharri ba. Amma mu dubi waɗanda ke zaune a gabansa. A aji guda a Agege ta Ikko, ko a Sabo ta Ibadan, za ka sami yaron da aka kai Dubai ko Umra a jirgin sama. Kusa da shi ga wanda ya hau jirgin ƙasan nan na Ikko zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021. Ga wanda aka aika Kano wurin kakanninsa ya taya su noma. Ga yarinyar da ta ƙare hutunta da faranti a kā, tana tallar gyaɗa. Ga kuma wanda bai je ko ina ba, don tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 1923 da ɗari, watau 2023, kuɗin mota ya fi ƙarfin ubansa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ba da rahoto a 2022 cewa mutum 63 cikin ko wane 100 na Nijeriya, kimanin miliyan 133 ke nan, su na cikin talauci ta fuskoki dabam dabam. Ashe ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a san waɗanda su ka fi yawa a kan bencinmu.

To, me wannan insha'i ya ke haifarwa? Yaron da ba shi da labarin tafiya, ɗayan biyu ne. Ko dai ya ƙaga ƙarya, ya kai kansa Abuja a kan takarda, ranar farko ke nan mun koya masa jin kunyar gidansu. Ko kuwa ya sunkuyar da kai ya yi shiru, shirun nan kuwa ya kan bi shi har ƙarshen zango, ko ya san amsa ba ya ɗaga hannu. Shi ma ɗan mai hali bai tsira ba, don in aji ya yi masa tafi saboda jirgin da ya hau, sai ya ɗauka darajar mutum a tikiti ta ke. Ku tuna dalilin da ya sa a ke ɗinka wa yara tufafi iri ɗaya, watau don kada a gane ɗan attajiri da ɗan mai gadi a filin makaranta. Ina amfanin mu sa musu riga ɗaya da safe, kafin hantsi mu tuɓe ta da tambaya guda?

Maganin abin nan ba baƙo ba ne, a gida mu ka same shi. Sunansa kara. Kara ita ce mutum ya dubi halin wanda ke gabansa kafin ya buɗe baki. Ita ke sa ba ka cin abinci gaban mutum sai ka ce masa bismilla, ba ka ƙidaya kuɗinka gaban wanda ya zo neman rance, in ka komo daga tafiya ka rarraba tsaraba har gidan maƙwabta. Wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aiki a Arewa ya kuma koyar a Zariya, ya yi wata lacca da aka buga a 1974 a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki. Cikin halaye 10 da ya lissafa akwai hankali da kunya da ladabi da mutunci. In ka haɗa huɗun nan a bakin yaro, ka sami kara. Yarabawa ma su na da tasu kalma, omoluabi, ga wanda ya sami irin wannan tarbiyya. Saboda haka ko wace ƙabila ce a ajinka, ba wanda zai ce ka kawo bidi'a.

Na san akwai masu cewa, "Ai yatsun hannu ma ba daidai su ke ba. Duniya haka ta ke, gara yaro ya saba tun da wuri. Kuma mene ne laifin ɗan mai kuɗi da za a hana shi faɗin abin da ya gani?" Rabin maganarsu gaskiya ce. Yaro bai zaɓi gidan da aka haife shi ba, ba shi da laifi don ubansa ya samu, ba kuwa daidai ba ne a sa shi ya ɓoye tafiyarsa ko ya yi ƙarya a kanta. Amma ba da labari dabam, gori dabam. Wanda ya ce, "Na ga teku, ruwanta da gishiri," ya ƙaru ya ƙarar da aji. Wanda ya ce, "Kai ko tashar mota ba ka taɓa zuwa ba," ya soki ɗan'uwansa ne. Yaro mai shekara 8 ya isa ya gane wannan bambanci in an nuna masa. Batun sabo da duniya kuwa, ɗan talaka ya riga mu sanin halin gidansu, ba ya bukatar malam ya tuna masa gaban jama'a.

Kada kuma a zaci darasin na 'ya'yan masu hali ne kaɗai. Sau da yawa sauran yara su ke taruwa a kan ɗaya, su na kiransa ɗan gata, ko ajebota kamar yadda yaran Ikko ke faɗi, har ya tsani zuwa makaranta. Wannan ma rashin kara ne, ƙyashi ne ya sa rigar wasa. Yaron da ya iya ce wa abokinsa, "Barka da dawowa, ba mu labari," da zuciya ɗaya, ya koyi abin da manya da yawa su ka kasa.

Ga shawarwari kaɗan ga wanda zai fita koyarwar gwaji.

Na farko, sake kan insha'in. Rubuta, "Abin da Na Koya a Hutu," ko "Aikin da Na Taya Iyayena," ko "Labarin da Na Ji a Bakin Wani Tsoho." Ba yaron da zai rasa abin faɗi a nan, ko da bai ƙetare ƙofar gida ba. Maki kuwa a ba da shi don kyan rubutu da tsarin magana, ba don nisan tafiya ba.

Na biyu, mai da ko wane labari darasi. Dogon hutunmu a tsakiyar damina ya ke faɗowa. Wanda ya je ƙauye ya san noman fari da maimai, ya san lokacin da gero ke fid da kai har a gasa tumu, ya tashi ya koya wa aji. Wanda ya je ƙasar Ibo ya ga bikin sabuwar doya, ya faɗa. Wanda ya je Dubai a kira shi gaban taswira ya nuna hanyar da ya bi da ƙasashen da ya ƙetare, ga labarin ƙasa ya samu. Yarinya mai talla ta kan fi kowa saurin lissafin canji, a yaba mata a kan haka. Amma fa yabon ba yarda da tallar ba ne. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta hana sa yaro talla a manyan titunan birni. Sai dai wannan magana ce tsakanin malam da iyaye a keɓe, ba a gaban aji ba.

Na uku, ba su ƙa'idodi uku masu sauƙin riƙewa: tambayi abokinka nasa labarin kafin ka ba da naka, kada ka faɗi kuɗin abin da aka saya maka, in ka ga fuskarsa ta sake, sake magana. A gwada su cikin ɗan wasan kwaikwayo na minti 5, a kuma musanya matsayi, mai tafiya ya zama mai zaman gida. Ka tuna musu magana zarar bunu ce.

Na huɗu, malam ya kula da kansa. Wasan nan na "Ina tsarabata?" ya kan zama nauyi a zuciyar wanda ya zo hannu wofi. In wani uba ya aiko maka da turare daga Makka, kada ka buɗe shi a kan tebur. Ka kuma san yaranka tun kafin ka yi tambaya, gama a ciki akwai maraya, akwai wanda rikici ya koro iyayensa daga garinsu. Irin wannan ba a matsa masa ya ba da labarin gida.

Na biyar, a taron iyaye da malamai, a roƙi masu hali su ja kunnen 'ya'yansu tun daga gida, marasa hali kuma su daina ce wa yaro, "Mu ba kowa ba ne." Abin da yaro ya ji a tsakar gida shi ya ke kawowa aji.

Sa'ad da aka soma ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, nufin shi ne ɗan sarki da ɗan talaka su zauna benci guda. Zaunar da su aikin gwamnati ne, amma koya musu zama da juna aikinmu ne. Yaran nan su ne gobe za su zama likita da majinyaci, alƙali da mai ƙara, mai gida da ɗan haya, duniya kuwa rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon riƙe wannan amana, amin.