Minshari: Takunkumin Hanci Ko Mai Rufe Baki Da Hanci?

Minsharin da ke ɗauke numfashi cikin barci ba abin dariya ba ne, domin yana haddasa hawan jini. Maganinsa na'urar CPAP, wadda ke hura iska ta hana maƙogwaro rufewa. Da takunkumin hanci Colin Sullivan ya fara gwada ta a Ostiraliya a 1980, kuma ni ma shi nake fifitawa. Bai da nauyi, sannan mai gemu, kamar magidanta da yawa a Dambatta da Bichi, babban takunkumi yoyon iska yake yi masa. Sai dai ƙurar hunturu kan toshe hanci, baki ya buɗe, iskar ta tsere. A fara wanke hancin da tsaftataccen ruwan gishiri. In bakin ya ƙi rufuwa, likita ya sauya masa babban.