Jirgin 'Yan Fashin Teku da Ramukan Dara

Duk wanda ya ratsa Jega ko Aliero ko Maiyama da la'asar sakaliya ya san yadda samari kan yi dafifi a gidajen gem, janareto na ruri, ana ta buga ƙwallo a allon talabijin har a kira magariba. Iyayenmu sun yanke wa wannan harka hukunci tuntuni, sun ce shashanci ne da ɓarnar kuɗin mai. Ba mu yi niyyar musa musu a kan ƙwallo ba. Amma akwai wani irin wasan kwamfuta wanda muke ganin bai kamata a yi masa kuɗin goro da sauran ba, watau wasan dabara, kuma muna so mu kafa hujja da guda ɗaya wanda labarinsa ya shafe mu, mu ɗaliban da ke karatun kwamfuta muna mafarkin ƙera namu.

Sunan wasan Shadow Gambit: The Cursed Crew. Wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa ne na birnin Munik a ƙasar Jamus, mai suna Mimimi Games, ya fitar da shi cikin watan Agusta na shekarar 2023. Labarinsa na 'yan fashin teku ne waɗanda suka mutu amma la'ana ta hana su kwanciya, suna yawo a tsibiran Karebiyan cikin wani jirgin ruwa mai rai, mai magana, ana ce masa Red Marley. Mai wasa yakan fara da wata mace, Afia Manicato, wadda ke tafe da takobi soke a ƙirjinta, sa'an nan a hankali ya tayar da sauran ma'aikatan jirgin har su cika takwas.

To, ga inda daɗin yake. Abokan gaba sun fi ka yawa nesa ba kusa ba, in ka fito fili da ƙarfin tuwo ka halaka nan take. Kowane mai gadi an zana iyakar ganinsa a ƙasa, tana juyawa dama da hagu, wannan na tsaron bayan wancan, wancan kuma na tsaron bayan na uku. Kai kuwa galibi mutum uku kaɗai za ka zaɓa ka sauka da su tsibiri, kowa da baiwarsa. Suleidy takan tsirar da kurmi inda babu, a ɓuya a ciki. Pinkus yakan shiga jikin mai gadi kamar yadda aljani ke hawa mutum, ya ratsa sansani ba mai ce masa kanzil. Gaelle tana goye da igwa, tana iya cusa abokin tafiyarta a ciki ta harba shi bisa ganuwa. Kana akwai damar tsayar da lokaci cik, ka tsara wa kowa abin da zai yi, ka saki, duka su auku cikin ƙiftawar ido ɗaya. Mutum yakan yi minti goma yana kallon mai gadi guda bai taɓa kome ba, yana lissafi kurum.

Wanda ya taɓa tsugunawa gindin bedi yana kallon dattawa suna dara ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ramuka 30, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da tsakuwa wancan da karare. Gwani ba ya cin wasa sa'ad da ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin karawarsa. Tun wajen zubi ya riga ya ci, sa'ad da yake dasa 'ya'yansa a ramukan da 'yan kallo ba su ga amfaninsu ba. Ba mu taɓa jin an kira tsohon da ya gwanance a dara shashasha ba, sai dai a ce yana da zurfin ciki da hangen nesa. Bambanci ɗaya muka gani mai girma: a dara in ka ɗaga hannu shi ke nan, sai dara ta ci gida. A wannan wasa kuwa an mayar da komawa baya wani ɓangare na labarin, jirgin ne da kansa ke riƙe abin da ya wuce ya mayar da kai in ka kuskure. Masu dara za su ce wannan ragwanci ne. Mu muna ganin irin aikin ɗakin gwaji ne, a gwada, a faɗi, a sake.

Akwai wata suka da ta fi ta shashanci nauyi, kuma ba za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ana cewa, a jihar da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri cikin watan Yuni na 2021, ina dalilin zama gaban allo ana yi wa ɗan fashi tafi? Lalle Turawa sun daɗe suna yi wa ɓarayin teku kwalliya a littattafai da sinima, don fashin ya yi musu nisa da shekara ɗari uku, ya zama tatsuniya. Mu namu bai zama tatsuniya ba tukuna. Sai dai wanda ya buga wasan ya san ba fashin ke riƙe mutum ba, lissafin ne. Tufafin fashi riga ce aka sa masa, ana iya tuɓe ta a sa wata.

Wace riga ce tamu? Ba sai mun yi aro ba. Wajen shekarar 1516 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai, ya kafa daular Kabi, ya gina Surame, wadda ganuwarta ta duwatsu ke nan har yau. Masu tarihi sun ruwaito cewa yana da rundunar jiragen ruwa da yake ratsa fadamun Gulbin Kabi da su in ruwa ya cika. Ga gulbi mai cika da janyewa, ga dawakin abokan gaba da ba su iya shiga laka, ga Sarkawa masu sanin kowane lungu na ruwa. Ita ma Jega a bakin Gulbin Zamfara take, kasuwarta kuwa ta yi suna a ƙarni na 19 wajen fatake. Wanda ya rasa wasan dabara cikin wannan duka, bai duba ba ne.

Amma kafin 'yan'uwanmu na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero su ɗaura ɗamara, ya kamata su ji ƙarshen labarin Mimimi. Waɗanda suka kafa kamfanin tun suna ɗalibai suka soma. Sun yi Shadow Tactics a 2016, suka yi Desperados III a 2020, duka biyu aka yaba. Shadow Gambit ma masu sharhi sun yabe shi ƙwarai, waɗanda suka saya suka yaba. Duk da haka, ba a cika mako biyu da fitowarsa ba sai shugabannin kamfanin, Dominik Abé da Johannes Roth, suka ba da sanarwar cewa wannan ne wasansu na ƙarshe. Dalilin da suka bayar shi ne kuɗin ƙera wasa yana hauhawa fiye da abin da irin nasu wasan ke iya kawowa, ga kuma gajiya da tauye haƙƙin iyali bayan shekara goma sha biyar. Cikin Disamba na shekarar suka fitar da ƙarin babi biyu, suka rufe ƙofa.

Wannan fa a Jamus ne, inda wuta ba ta ɗaukewa, masu saye kuma suna da abin saye. A nan, kuɗin wasan kimanin dala 40 ne, wanda a canjin ƙarshen 2024 ya kusa cinye mafi ƙanƙancin albashi na naira 70,000. Shi ya sa kusan duk wasan da ke cikin kwamfutocin ɗakunan kwananmu ta filashi ya zo, daga hannu zuwa hannu, ba wanda ya biya sisi. Mutanen Mimimi ba su ce satar kwafi ce ta rufe su ba, mu ma ba mu ce ba. Amma masu shirya finafinan Hausa a Kano sun san yadda 'yan kwafin faifai suka yi musu, har kasuwar faifan ta durƙushe.

Saboda haka shawararmu ga Ƙungiyar Ɗalibai ita ce ta sa gasa a wannan zango, a soma da ƙarami: dara a wayar hannu, da Hausa, wadda ba ta bukatar intanet, da dokokinta kamar yadda dattawan Maiyama ke bugawa, a je a tambaye su. Wanda ya yi nasara a sayar da nasa a farashin da bai wuce na kwanon shinkafa a kantin makaranta ba, mu kuwa mu saya, kada mu tura wa juna. In ɗalibai 500 suka biya, a shekara mai zuwa sai a yi maganar jiragen Kanta.