Masu Kukan "Ba Haka Rayuwa Take Ba"

A kasuwar Race Course ta Kumasi, inda aka kwaso 'yan kasuwar Kejetia lokacin da ake sake gina ta, fim na Kano da na Kumawood, masana'antar fim ta Kumasi, suna tashi daga wayoyin masu rumfuna daga safe har yamma. Duk da haka hukuncin da 'yan boko suka yanke musu ya zama kamar karatun allo: wai dirama ce aka ɗauka da kyamara, wai ba wanda soyayya ke sa shi rera waƙa a cikin lambu, wai fim na gaske sai ya yi kama da rayuwa. Wannan hukunci kuskure ne, kuma yana cutar da masu tasowa.

A duba aikin Ali Nuhu a kamfaninsa na FKD. Daga Mujadala ta farko zuwa Mansoor a 2017, har Mujadalar da ya sake yi a 2018, salon ɗaya ne: tufafi masu kala, gidaje tsaf, magana mai nauyi, sai waƙa ta karɓi labari daidai inda baki ya kasa. Masu suka na kiran wannan maimaici. Ni ina ganin zaɓi ne da darakta ya yi, ya kuma tsaya a kansa shekara da shekaru. A al'ummar da saurayi ba zai taɓa hannun budurwa a gaban jama'a ba, waƙar ce ke faɗin abin da kunya ta hana, kuma mai kallo a Zangon Kumasi ya fahimci haka tun kafin a buɗe baki. Yaran tashe da ke manna gemun auduga a watan azumi ba su taɓa yaudarar kowa cewa su tsofaffi ne ba, amma gaskiyar da suke faɗa tana shiga. Haka jarumin Kumawood Agya Koo ya fito daga dandalin Concert Party ya shigo fim da murya da motsin dandali, Kumasi kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu.

Za a ce ai salon fim ɗin Kano kwaikwayon Indiya ne. Gaskiya ne finafinan Indiya sun daɗe suna cika silimomin Kano, kuma fim ɗin Sangaya da ire-irensa sun sha daga can. To amma salon "kamar rayuwa" da ake so a koma masa shi ma aro ne daga Amurka da Turai, sai dai ba a kiran sa aro saboda masu kuɗi ne suka kawo shi. Za a kuma ce finafinan da yawa ba su da inganci. Wannan ma haka ne, sai dai laifin yana ga sauti mara kyau, da labarin da aka rubuta a gaggauce, da waƙar da aka cusa don a sayar da ita kawai. Waɗannan ake gyarawa da kuɗi da horo da haƙuri. Matashin Zango da ya ɗauki kyamara yau, in aka koya masa jin kunyar waƙa da dandali, zai yi fim mai tsabta wanda mahaifiyarsa ba za ta kalla har ƙarshe ba.