Ra'ayinmu: Kada Mu Jira Sai Jariri Ya Kwanta

'Yan'uwa cikin Ubangiji, a ikilisiyoyinmu na Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi kowa ya san kowa. Wannan zumunci shi ne ƙarfinmu, amma shi ne kuma ke sa mai juna biyu ta ƙi gwajin ƙanjamau, don gudun kada labari ya riga ta isa majami'a. Wanda ke ɗaukar nauyin wannan tsoro shi ne jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ana haihuwar yaro garkuwar jikinsa ba ta nuna ba. A watannin farko yana dogara ne ga kariyar da ya samu daga uwa tun a ciki da kuma ta nono, kafin jikinsa ya ƙera nasa dakarun. Manyan waɗannan dakaru su ne ƙwayoyin jini da likitoci ke kira CD4, masu ba sauran umarni. Su ne kuwa ƙwayar HIV ke shiga ta hayayyafa a ciki ta kashe su. Babba yakan yi shekaru bai ji komai ba, domin ginin garkuwarsa ya riga ya tsaya. Jariri kuwa tun ana aza tubali ake rushewa. Shi ya sa ciwon huhu, gudawa, tarin fuka da ƙyanda ke kayar da shi da wuri, allurar riga-kafi ma ba ta kama jikinsa yadda ya kamata.

Binciken da aka wallafa a 2004 kan yaran Afirka ya nuna cewa in babu magani, kusan ɗaya cikin uku na jariran da suka kamu ba sa cika shekara, rabinsu kuma ba sa kai biyu. Wani binciken na Afirka ta Kudu a 2008 ya nuna cewa fara magani tun a makonnin farko ya rage mutuwa da kashi 76 cikin ɗari. Ga uwa kuma, in ba ta shan magani, yiwuwar yaro ya kamu tana tsakanin kashi 15 zuwa 45. In tana sha kullum, takan sauka ƙasa da kashi 5.

Yankinmu yana da ƙarin haɗari. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, ta tarar kusan ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Yaro mai rama da gudawa sai a ce yunwa ce kawai, ba a tunanin gwaji, alhali tamowa da HIV kowace na ƙara wa ɗaya ƙarfi. Ga rashin tsaro a hanya, ga haihuwa a gida.

Don haka muke kira. Kowace mai ciki ta je awo, ta yi gwaji, maigida kuma ya bi ta a gwada shi. In uwa na ɗauke da ƙwayar, a ba jaririn maganin kariya da zarar an haife shi, a kuma mai da shi asibiti a mako na shida. Gwajin manya ba ya bayyana gaskiyar jariri kafin wata 18, sai gwaji na musamman da ake ɗiga jinin diddigensa a takarda. Uwa ta ba da nono zalla wata shida tana shan maganinta ba fashi.

Fastoci da dattawa, kada kowa ya ce wa mara lafiya ya ajiye magani don nuna bangaskiya. A yi addu'a, a sha magani. Asirin da aka kawo muku ya tsaya wurinku. Dokar ƙasa ta 2014 ma ta haramta tsangwamar masu wannan cuta. Zumuntar mata ta ware kuɗin mota, ta naɗa mai rakiya zuwa babban asibitin gari, ko Gusau in an tura.

Mun saba taruwa ranar suna mu yi murna. Bari mu riƙa tambaya cikin ƙauna, a keɓe: an kai yaron nan asibiti?